Motar da Alhaji Ya Bari a Panyu

Ranar da Alhaji zai tafi gida, sai da muka sauko da jakunkunansa har bakin get sannan ya laluba aljihu ya miƙo mini makullin motar. Ya ce wata uku zai yi, in abin ya yi tsawo huɗu. Sai ya riƙe hannuna da makullin a ciki ya ce, "Ɗan boko, ga amana. Kada garin Allah ya waye ba ka yi mata wamin ba." Na ce in sha Allahu. Ya shiga tasi ya nufi filin jirgi, ni kuma na koma sama ina murnar zan sha iska na wata uku, babu mai yi mini faɗa don na bar fitilar banɗaki a kunne.

Alhaji aminin mahaifina ne. Kafin ya shiga kasuwanci ya daɗe yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, kuma ko bayan ya ajiye sitiyari ya koma safarar wandunan jins daga garin Xintang da kayan yara daga kasuwar Shisanhang ta Guangzhou, direban nan bai fita daga jikinsa ba. Muna tafe a bakin titi mota za ta wuce, sai ya karkata kunne ya ce, "Waccan fambel ɗinta ya kusa tsinkewa." Ni karatu ne ya kai ni Guangzhou a shekarun dubu biyu da 'yan kai. Da na gama ban koma ba, na zama tafintansa, ina kwana a ƙaramin ɗakin gidan da yake haya a Panyu, wata unguwa a gefen birnin. Shi ya laƙaba mini ɗan boko, wai komai sai na gani a littafi kafin in yarda.

Motar ta hannu ce, ruwan toka, irin wadda 'yan tasin garin suke ja a lokacin. Da ya sayo ta mutanenmu dariya suka yi ta yi masa. Ga bas ko'ina, ga tasi, ga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya iso har Panyu, me ɗan kasuwa zai yi da mota? Shi kansa ba ya fita da ita sai sau ɗaya a mako biyu, in zai je Xintang duba ɗinki. Amma kowace safiya, da ya idar da lazimi, sai ya sauka filin ajiye motoci na bayan gida. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar baƙin mai ya goge ya mayar ya sake zarowa, ya buɗe lagireto ya ƙara ruwan famfo, ya shiga ya yi mata ki, ya bar ta a sulo minti goma, ya taka totur sau uku, ya kashe, ya goge gilashi. Haka na tashi na ga kowane mai mota yana yi a unguwarmu a Kano. Da sassafe lungu yakan cika da ƙugin motocin da ba su da niyyar zuwa ko'ina tukuna. Ban taɓa jin wani ya tambayi dalili ba, ni ma da nake taƙama da littafi ban tambaya ba.

Na iya tuƙi daidai gwargwado, da motar mahaifina na koya. Abin da ba ni da shi lasin ƙasar, kuma ba a samunsa sai an zauna jarrabawa. Kullum ina cewa sai wata mai zuwa. Gaskiyar magana ba na son duk abin da zai haɗa ni da ofishin hukuma ko ɗan sandan hanya, don baƙo a garin nan yana son ya wuce ba a lura da shi ba. Na ce a raina ai Alhaji bai ce in tuƙa ba, wamin ya ce. Na ja birkin hannu na bar ta inda ya ajiye ta, ƙarƙashin wata bishiya mai zubar da ƙananan ganyaye, na ci gaba da yi mata yadda na ga yana yi.

Bai cika wata guda a gida ba Hajiya, matarsa, ta kira ni. Ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Na zauna a bakin gado da waya a hannu, sai "Allah ya ba shi lafiya" nake ta maimaitawa. Sai bayan makonni aka fara ba shi waya. Maganarsa ta yi nauyi, sai na kasa kunne sosai nake ganewa. Bai tambayi kaya ba, bai tambayi masu ɗinki ba, ɗansa da ke kasuwar Kwari a Kano ya riga ya karɓi wannan ɓangaren. Cewa ya yi, "Tana tashi?" Na ce tana tashi. Ya ce, "In ji."

Na sauka da gudu, na yi mata ki, na buɗe bonet na kara wayar a jikin injin. Da na mayar kunnena sai na ji yana wata irin dariya ta rabin baki. Ya ce, "Taka totur." Na taka. Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. In na dawo zan sake mata fulogi."

Daga nan abin ya zama na kowace Juma'a. In na dawo daga masallaci, ƙarfe uku na yamma a wajenmu, takwas na safe ke nan a Kano, daidai lokacin da maƙwabtansa suke wamin ɗin nasu motocin, sai waya ta yi ƙara. Ya saurari injin, ya sa in taka totur, ya yi 'yan tambayoyinsa na ruwa da baƙin mai, ya rufe da "in na dawo". Wata rana Hajiya ta karɓi wayar ta fita tsakar gida, ina jin ƙarar ƙofa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ɗan nan, likita ya ce ba maganar doguwar tafiya kuma. Ba mu gaya masa ba. Tun daren Alhamis yake sa a fito masa da kayan da zai sa, da safe a yi masa wanka a sa masa hula, ya zauna jiran motar nan. Don Allah kada ka bari ta mutu." Na ce ba za ta mutu ba, Hajiya. Da ƙarfin gwiwata na faɗa, don ban taɓa fashin wamin ba ko sau ɗaya.

Wanda bai zauna a Guangzhou ba yakan ɗauka ba a sanyi, tunda ƙanƙara ba ta sauka. Ana yi, kuma mai naci. Sanyi ne mai ruwa-ruwa, yayyafi ya kwana ya yini, ga gidajen ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, sai ka ga cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Wanki ya yi kwana huɗu a igiya bai bushe ba. Alwalar asuba kuwa sai mutum ya yi ta maza. A sanyin farko na gano cewa duk gidan nan babu inda ya kai cikin motar Alhaji ɗumi. Sai in tayar da ita in kunna hita har ƙarshe, in kunna rediyo, in kunna fitilar ciki ina duba takardun kaya, ina shan shayina. In ce ina yi wa mota wamin, alhali rabin wamin ɗin ni nake sha.

Mai gadin filin wani tsoho ne da ya yi ritaya daga tuƙin bas, kullum da kwalbar shayinsa a hannu, ganye na yawo a ciki. Shifu nake ce masa, yadda ake kiran direba ko mai sana'ar hannu a can. Shi kuma yana ce mini lawban, wato maigida, da zolaya, don ya san ba ni da ko keke. Ya daɗe yana kallona daga ɗan ɗakinsa na gadi kafin wata safiya ya tako ya ƙwanƙwasa gilashi.

Ya ce, "Lawban, ina za ka?"

Na ce ba inda za ni.

"Jiya ina ka je?"

Na ce ba inda na je.

Ya kurɓi shayinsa ya ce, "To kashe ta kake yi."

Ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Duk ki ɗin da na yi, in ji shi, yana cin batir fiye da abin da minti goma na sulo zai mayar, balle ga hita da rediyo. Injin da bai yi zafi sosai ba yana tara ruwa a salansa, ruwan ya zauna ya ci ƙarfe. Fulogi yana baƙi. Taya tana kwanciya a gefe guda. Birkin hannun da aka ja aka bari a wannan danshin zai kama. Ya ce gara in bar ta mako guda ban taɓa ba, sannan in fita da ita in yi tafiyar rabin awa, da wannan abin da nake yi kullum. Ya ga jarkar ruwan famfona kuma ya girgiza kai.

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci Sinancina yakan ƙara gudu. Na ce masa mai motar nan ya ja tirela a hanyoyin da bas ɗinsa ba za ta yi awa guda a kai ba, kuma haka ya ce a yi, haka kuma duk garinmu ake yi motoci suna shekara talatin. Ya ce, "A garinku in an gama sai a fita da su, ko?" Na yi kamar ban ji ba, na ɗaga gilashi. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganarsa ta shiga kaina, ina dai ganin in na yarda da shi kamar na ce Alhaji bai san mota ba ne. Ga kuma batun lasin, wanda ko ni kaina ba na son in tuna.

Sanyin farko ya wuce lafiya, na riƙa wuce ɗakin gadi ina ɗaga kai. Da iska ta juyo daga kudu, lokacin da bango da tayil suke zufa, kujerun motar suka yi furfura, na goge da tsumma. Zafi ya zo, ya tafi. Wata uku na Alhaji suka zama shekara da wani abu. Na lura motar ta fara jan numfashi kafin ta kama, sulonta ya fara rawa. Alhaji ma ya ji, ya ce, "Fulogin nan ne. Bari in na dawo." Na bari. Duk tsawon lokacin nan ba ta motsa daga inda take ba, sai dai in je gidan mai da jarka in zuba mata.

Sanyi na biyu ya zo da ƙarfin da tsofaffin garin ma suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Aka yi makonni ba a ga rana ba. Wata Juma'a da safe na shiga na murɗa makulli, sai na ji ƙyat-ƙyat-ƙyat, shi ke nan. Na sake, ko ƙyat ɗin babu. Na tafi masallaci da abin a raina, ban san me liman ya faɗa a huɗuba ba. Na dawo wajen biyu da rabi na wuce kai tsaye ɗakin gadi, na sauke girman kaina na ce, "Shifu, taimake ni."

Bai ce mini ai na gaya maka ba, kuma har yau ina ganin girmansa a kan wannan. Akwai wata ƙaramar a-kori-kura ta wani maƙwabci mai kai kayan lambu kasuwa, yakan bar makullinta a ɗakin gadi. Shifu ya matso da ita kusa, ya haɗa batir da batir da wayoyi, ya bar ta tana aiki. Na yi ki. Injin ya juya, ya juya, ya ƙi kamawa. Muka ce bari mu tura. Na sauke birkin hannu, muka sa kafaɗa mu biyu, motar ta ƙi motsi ko taku ɗaya, tayoyin baya sun kame. Muna cikin haka, yayyafi na sauka a kanmu, waya ta yi ƙara a aljihuna.

Na ɗauka. Alhaji ya yi sallama, sai ya ji ƙugin a-kori-kurar a gefena ya ce, "Har ka tayar?"

Ba wanda ya sa ni. Shifu bai san me ake cewa ba. Na tuna hular da aka sa masa da wankan da aka yi masa, bakina ya riga ni, na ce, "Eh, Baba." Na taka na kara wayar a jikin motar mai kayan lambu.

Ya ce, "Taka totur."

Na yi wa Shifu alama da hannu. Ya dube ni, ya dubi wayar, ya gane. Ya zura ƙafa ya taka, amma bai sake kallona ba.

Na mayar da wayar kunnena. Bai tambayi ruwa ba, bai tambayi baƙin mai ba, bai ce in na dawo ba. Ya ce, "To. Madalla." Aka kashe.

Na ce wa kaina na tsallake. Juma'a ta zagayo na zauna da waya a hannu tun kafin uku, ina ta shirya abin da zan ce, ba a kira ba. Na kira, Hajiya ta ce barci yake. Ta gaba ma haka. A ta uku ta fita tsakar gida da wayar ta ce, "Ɗan nan, me ya faru ranar nan? Ya daina tambayar yau wace rana ce. Mai yi masa gashin ƙashi ya zo, shi kuwa ya ce a sallame shi. Ko tashi zaune sai an yi da gaske."

Na gaya mata komai. Ta ce, "Kai ma dai. Mutumin da yana kwance a ɗaki yake gane motar kowa a layin nan? Mu nan ya san lallaɓa shi muke yi, kowa ya shigo sai ya ce jiki ya yi kyau. Kai kaɗai ya ɗauka kana gaya masa abu yadda yake." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na kuma ji tsoro, don na gane abin da na taɓa ya wuce mota.

Na so in kira shi a take in ba shi haƙuri, amma na ga in na kira da baki kawai, me zan ce in ya ce in ji? Ga shi bikin sabuwar shekararsu ya shigo, gari ya watse, kowane gareji a rufe, bakanike duk sun tafi ƙauyukansu. A wannan zaman jiran na nemo littafin jarrabawar lasin na duƙufa a kai cikin bargo. Zuwan farko na faɗi, ni da ake kira ɗan boko. Shifu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, sannan ya karɓi littafin ya riƙa yi mini tambayoyi a ɗakin gadi, muna zaune gefen ɗan hitarsa. A zuwa na biyu na ci.

Da gari ya dawo Shifu ya kira wani bakanike abokinsa. Mutumin ya zagaya motar sau biyu, ya tambayi Shifu wa ya yi mata haka, Shifu ya nuna ni da haɓa. Batir ya mutu murus. Fulogi huɗu baƙi ƙirin. Ruwan da ya fito daga lagireto ja ne kamar na kududdufi. Birkin baya sai da aka sa guduma. Salansa kuwa da ya taɓa ta da sukundireba sai ya shige ciki, dole aka sake wata. Aka zubar da tsohon mai, aka sake tayoyi biyu, aka je aka sabunta takardunta da suka daɗe da ƙarewa. Duk abin da tsohon nan ya lissafa mini ta gilashi, babu wanda bai faru ba. Ranar da ta tashi, shi ya zauna a gefena muka zagaya unguwa, yana ta ce mini in daina riƙe kuloci.

Juma'ar da ta biyo, ƙarfe uku, har yanzu da sauran sanyi da yayyafi, na zauna a cikin motar ban tayar ba, na sa abin kunne na kira. Na roƙi Hajiya ta kara masa wayar ko da ya ce barci yake. Na ji motsin matashi, na ji numfashinsa.

Na ce, "Baba, ni ne. Ranar nan ƙarya na yi maka. Ba motarka ka ji ba. Ka yafe mini."

Sannan ya ce, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, "Ƙaramar a-kori-kura ce. Kuma ka gaya wa mai ita bawul ɗinta na buƙatar saiti."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ya ce, "Me ya sami tawa?"

Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce tun ranar da ya tafi ba ta taka titi ba, don ba ni da lasin kuma na ji tsoron nema. Na ce mai gadi ya gargaɗe ni tun sanyin bara na yi masa rashin kunya. Na ce wamin ɗin da nake yi kullum shi ya cinye ta a tsaye.

Ya ce, "Shekara da rabi?"

Na ce, "Eh, Baba."

"Ai ni ina fita da ita. Ban gaya maka ba ne, na ɗauka wata uku ne." Ya ja numfashi. "Ni ma haka ake yi mini a nan. A tashe ni, a wanke ni, a zaunar. Ba inda za ni." Ban ce masa a'a ba, ban ce jiki zai yi kyau ba. Na bar maganar yadda ya faɗe ta.

Can ya ce, "Tayar."

Na murɗa makulli ta kama a bugu ɗaya. Na cire abin kunne na fita na kara wayar a injin, na dawo na mayar.

Ya ce, "Ita ce. An sake salansa."

"An sake."

"Lasin fa?"

"Yana aljihuna."

"To fita da ita. Xintang za mu."

Shifu ya ɗaga mini sandar get, na fita. Waifa na kai da komo. Alhaji ya fara ba ni hanya daga gadonsa a Kano. In ka fita ka yi dama. Ka wuce danja biyu. Kada ka bi layin ciki, motocin bas suna tsayawa a nan. Yana jin injin ta wayar, in na daɗe a giya ɗaya sai ya ce, "Kai, canja mana, tana kuka." Muryarsa ta fara warwarewa, har ya yi mini tsawa sau ɗaya da na taka birki da ƙarfi, kuma ban taɓa jin daɗin tsawa irin na ranar ba. Duk inda ya ce akwai kwana, akwai ta. Muka haye ruwa, muka bar gidaje masu tsawo, muka shiga hanyar da manyan motoci suka fi yawa, yana ta gaya mini yadda ake wuce tirela a jiƙaƙƙen titi.

Sai ya ce, "Yanzu za ka ga gidan mai a dama. Kana wuce shi ka sauka, akwai mai taliyar nan Musulmi, mai farar hula. A nan nake tsayawa in yi la'asar. Ka shiga ka ce ina gaishe shi, zai gane. Ka ce in na dawo zan zo."

Na ga gidan man. Na wuce shi na rage gudu na gangara gefe. Babu shagon taliya, babu layin shagunan ma gaba ɗaya. Wani dogon shingen kwano shuɗi ne ya miƙe har inda ido ya kai, a bayansa ƙaton rami da injinan haƙa. Na tsaya, injin na aiki.

Ya ce, "Ka gan shi?"

Abu ne mai sauƙi in ce na gan shi. In ce yana ciki da baƙi, ko ya fita, ko ya amsa yana gaishe ka. Babu injin da zai saurara ya kama ni a wannan karon. Na riƙe sitiyari da hannu biyu na ce, "Baba, babu shagon. An rushe layin duka, gini ake yi. Ban san inda ya koma ba."

Na ciro wayar na duba ko ta yanke. Ba ta yanke ba. Ina jin kaji a tsakar gidansu, da wata mota da ake yi wa wamin a waje.

Ya ce, "Duka?"

Na ce, "Duka. Hanyar ma an karkatar da ita, ba ta miƙe yadda ka sani ba."

Ya ce, "To." Sannan ya ce, "Daga nan ban san hanya ba ke nan. Kai za ka riƙa gaya mini."

Na sa sigina, na duba madubi, na hau titi. Na ce, "Baba, ga wata gada a gabana, sabuwa ce, tana da hawa."

Ya ce, "Koma giya ta uku."